Hasashen Masu Kallon Labarina a Gwandu da Kalgo Bayan Rufe Zango

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da masu kallo ke yi a tazarar da ke tsakanin rufe zangon wasan kwaikwayo da buɗe na gaba, lokacin da aka bar su da tambayar da ba a amsa ba. An ɗauki shirin Labarina a matsayin misali, aka saurari yadda ake tattauna shi a garuruwan Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi. Maƙalar ta gano cewa masu kallo suna kafa hasashensu a kan hujjoji iri uku, wato alamun da ke cikin labari, da hukuncin tarbiyya, da labarin da ke fitowa daga masana'antar fim. Ta nuna cewa hukuncin tarbiyya ya fi sauran ƙarfi a wurinsu, kuma shi ne ma'aunin da suke auna marubuci da shi idan amsa ta fito. Matsayin maƙalar shi ne, wannan hasashe nazarin adabi ne da ake yi da baka, kuma ya cancanci a adana shi.

Gabatarwa

Tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa shekarun da kasuwar faifai ta durƙushe, fim ɗin Hausa abu ne da ake gama kallonsa a zama ɗaya ko biyu. Ko an raba shi gida biyu, na biyun ba ya nisa da na ɗaya, kuma mai kallo ya san a can za a warware komai. Buɗe tashar Arewa24 a 2014 ya kawo wani tsari daban. Daɗin Kowa ya fara a 2015, Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019, sannan a 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito, ɗaya ta talabijin ɗaya ta YouTube. Daga nan shiri mai dogon zango ya mamaye masana'antar, har ya zama da wuya a sami babban darakta a Kano da ba shi da nasa.

Wannan tsari ya zo da wani abu da manazarta ba su ba shi kulawar da ta dace ba. Shirin yana zuwa mako-mako, galibi kashi 13 a zango, sai a tsaya. Marubuci kuwa ba ya tsayawa a inda hankali ya kwanta. Yakan zaɓi inda zaren labari ya fi ƙulluwa, ya datse a nan, ya tafi hutun makonni ko watanni. A cikin wannan hutu shirin ba ya mutuwa. Yana komawa bakin mutane, a majalisu da shagunan cajin waya da tsakar gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai, kowa na ƙoƙarin gano abin da aka ɓoye masa. Nazarce-nazarcenmu sun fi karkata ga jigo da salo da taurari, wato abin da ke kan allo. Abin da ke faruwa a gaban allon, musamman bayan an kashe shi, shi ne abin da wannan maƙala ta sa a gaba.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da fara wannan aiki. Littafin Henry Jenkins mai suna Textual Poachers, wanda ya fito a 1992, ya nuna cewa masoyan shiri ba sa zama kawai a zuba musu, sukan ɗauki labarin su sarrafa shi yadda ya dace da rayuwarsu. Jason Mittell kuma ya yi bayanin wani nau'in kallo na bin diddigi, inda mai kallo ke maimaita fage yana neman alama kamar ɗan sandan ciki. A nan gida Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai zurfi a kan yadda Bahaushe ya karɓi fina-finan Indiya ya mai da su nasa. Abin da ya rage shi ne a saurari Bahaushe yana hasashe a kan labarin da ɗan'uwansa Bahaushe ya rubuta, kuma a saurare shi a wajen Kano.

Gwandu da Kalgo

An zaɓi garuruwan nan biyu ne saboda bambancin da ke tsakaninsu, duk da cewa masarauta ɗaya ta haɗa su. Gwandu tsohon gari ne na malamai. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa a farkon shekarun jihadi, kuma da aka raba ragamar mulki a 1812, nan ne ya zama cibiyar yammacin daula a hannun ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829 kuma hubbarensa na garin har yau. Fadar masarautar ta koma Birnin Kebbi tun zamanin Turawa, amma karatun zaure bai bar Gwandu ba. Kalgo kuwa gari ne na noman fadama da ke kusa da babban birnin jiha, wanda fuskarsa ta sauya bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, domin mazauninta na dindindin a yankin Kalgo yake. Ɗalibai daga jihohi daban-daban suna cuɗanya da matasan gari, ana kallo tare ana gardama tare.

Hanyar da aka bi ita ce zama da sauraro, sai tambaya idan gardama ta lafa. Ba a raba takardar tambayoyi ba, domin mutumin da aka miƙa wa takarda yakan rubuta abin da yake jin ya kamata ya faɗa, alhali a majalisa abin da ke ransa yake faɗa. An sakaya sunayen duk waɗanda aka zanta da su.

Yadda shirin ke isa ga mutane yana da tasiri a kan yadda suke hasashe. Wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka kaɗan ne ke kallo a talabijin a daidai lokacin da ake haskawa. Mafi yawa a waya suke gani. Mai data ya sauke daga YouTube, ya tura wa abokansa, ko a je wurin masu tura fina-finai a biya kuɗi kaɗan a zuba a memori. Saboda haka kashin ƙarshe na zango yakan zauna a cikin wayar mutum har tsawon hutun, yana iya komawa kansa duk lokacin da gardama ta tashi. Mai kallon talabijin na da, abin da ya riƙe a ka kawai yake da shi. Na yau kuwa hujjarsa na aljihunsa.

Mutuwar Mahmud

Labarina ya fara ne da labarin Sumayya, yarinya 'yar talakawa da Nafisat Abdullahi ta fito a matsayinta, da mazan da suka kewaye ta: Mahmud wanda Nuhu Abdullahi ya taka, da Presido, da Lukman, ga kuma Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa, dattijon da masu kallo ke jin haushinsa amma ba sa son a yi kashi babu shi. Shirin soyayya ne a asali, sai dai marubutansa sun iya ɓoye abu, kuma da tafiya ta yi nisa sai ya koma shirin da ake kallo da tambaya a baki. Babu abin da ya girgiza masu kallonsa kamar mutuwar Mahmud. Yawancinsu sun riga sun ba shi Sumayya a zuciyarsu, sun ɗauka duk wahalar da ake sha hanya ce ta zuwa ɗaurin aurensu.

Abu na farko da aka gani shi ne ƙin yarda. A Gwandu da Kalgo duka an sami masu cewa bai mutu ba, dabara ce ta marubuci, zai dawo. Waɗannan su suka fi kowa komawa kan hoton. Tambayoyinsu na masu bincike ne: me kyamara ta nuna ƙarara, me aka bar wa baki ya faɗa, wa ya kawo labarin, yaya fuskar kowane tauraro ta kasance da ya ji? Suna da wata ƙa'ida da suka koya daga yawan kallo, cewa duk abin da darakta bai nuna wa ido ba, to yana da dalilin ɓoye shi. Wasunsu ma sun ce ko an nuna komai, ana iya wayar gari a ce mafarki ne wani ya yi.

A wani shagon caji a Kalgo, bayan sallar isha'i, matasa sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ƙarar janareta na tashi a bayansu. Mai wayar ya mai da hoton baya, ya tsayar da shi daidai kan fuskar wani daga cikin taurarin, ya buɗa ta da yatsu biyu har ta cika allon. Ya ce wa na kusa da shi, "Aboki, dubi idonai da kyau. Wanga bai yi mamaki ba." Abokin ya karɓi wayar ya duba, ya ce shi bai ga komai ba sai mutumin da baƙin ciki ya daskarar. Aka sake kunnawa, aka sake tsayarwa. Abin lura a nan shi ne, dukansu biyu sun yarda cewa fuskar ɗan wasa hujja ce, kuma darakta ba ya ajiye kyamara a kan mutum a banza. Saɓaninsu a kan fassara ne kawai. Wannan shi ne aikin da muke koya wa ɗalibai a ajin nazarin wasan kwaikwayo, ga shi ana yin sa a tsaye a bakin titi.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka karɓi mutuwar amma suka ce ruwa ba ya tsami banza, akwai hannun wani. A nan ne aka fi samun dogon lissafi. Kowa ya jero waɗanda za su amfana da rashin Mahmud, aka bi su ɗaya bayan ɗaya: wa yake son Sumayya, wa yake da kuɗin da zai sa a yi masa aiki, wa ya taɓa furta kalmar barazana a wani kashi na can baya. Ɗaliban jami'a a Kalgo, waɗanda da yawansu sun saba da fina-finan bincike na Amurka da Koriya, sukan kawo wata ƙa'ida, cewa wanda aka fi nuna wa yatsa ba shi ne mai laifi ba, a nemi wanda ya fi kowa shiru. Matasan gari ba su cika yarda da wannan ba. A ganinsu marubucin Hausa ba ya wahalar da mugu wajen ɓoye shi, tun farko yake nuna halinsa, abin da yake jinkirtawa kawai shi ne ranar tonon asiri.

Wannan saɓani ya kai mu ga hujja ta biyu, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan hasashen Bahaushe.

Hukuncin tarbiyya

A wani gida a Gwandu, matan gida sun gama kallon kashin ƙarshe a wayar wata budurwa, aka shiga muhawara. Kakarsu na gefe a kan tabarma tana jan carbi, ta ji komai ba ta sa baki ba. Yarinyar ta juya ta ce, "Inna, ke wa kika zato?" Tsohuwar ta ce, "Ni ban zaton kowa, ɗiyata. Amma wanda duk yac ci amanar yaron ga, ba shi gamawa lahiya." Ba ta ambaci suna ba, ba ta kawo alama daga cikin hoto ba, amma ta yi hasashe cikakke a kan inda labarin zai dosa, kuma babu wanda ya musa mata.

Irin wannan amsa ta yawaita ƙwarai, musamman a bakin mata da dattawa. Idan aka tambaye su abin da zai faru, sai su faɗi abin da ya wajaba ya faru. Alhaki zai kama mai shi. Marainiya ba za ta tozarta ba. Mai haƙuri zai ga sakamako, ko da bayan ransa ne, ta hanyar wanke sunansa. Dukiyar da aka tara ta hanyar zalunci za ta watse a gaban idon mai ita. Suna faɗin waɗannan da tabbacin da ya fi na mai riƙe da waya yana nuna fuska, domin a wurinsu labarin da bai bi wannan hanya ba labari ne da ya karkace, kuma laifin na marubuci ne.

Kada a ɗauka wannan rashin wayewar kallo ne. Masu wannan ra'ayi sun fahimci wata yarjejeniya da ke tsakanin mai ba da labari da mai sauraro a ƙasar Hausa, kuma masu shirya fim da kansu suna tabbatar da ita duk lokacin da suka ce sana'arsu faɗakarwa ce da wa'azantarwa. Wanda ya ce shi mai wa'azi ne, ba zai yi mamaki ba idan aka auna shi da ma'aunin wa'azi. Shi ya sa mutuwar Mahmud ta yi zafi haka. An ga mutumin kirki ya tafi, waɗanda ake ganin sun fi shi cancantar wahala suna nan suna yawo. Hasashen cewa zai dawo, idan aka tone shi, roƙo ne a gyara wannan karkata. Da yawa daga masu bin diddigin hoto ma daga nan suka faro: zuciya ta riga ta yanke cewa bai kamata ya mutu ba, sannan ido ya tafi neman shaida.

A Gwandu an ga wani ƙari a kan wannan. Waɗanda suka yi karatun zaure sukan shigo da ƙa'idojin shari'a cikin gardamar, ko da wasa ake yi. Idan wani ya ɗora wa tauraro laifi, sai a ce masa mai da'awa shi ke kawo hujja, ina shaidunka? A bambance masa tsakanin abin da aka gani da abin da aka ji an ce. Garin da Malam Abdullahi, mawallafin Diya'ul Hukkami, ya koyar a cikinsa bai rasa masu wannan tunani ba, kuma abin sha'awa ne a ji ana yi wa mutumin da babu shi a duniya adalcin da ake yi wa mai rai.

Labarin bayan fage

Hujja ta uku ba ta cikin labarin ko kaɗan. Masu ita sukan ce a daina wahalar da kai, jarumin ne ya bar shirin, shi ya sa aka kashe tauraron. Suna bin shafukan 'yan wasa a Instagram da Facebook da TikTok, suna lura da wanda ya daina tallata shirin, da wanda aka daina gani a hotunan wurin ɗauka, suna sauraron hirarrakin da ake yi da su a BBC Hausa da sauran kafafe. Da farko akan yi musu kallon masu ɓata wa mutane daɗin kallo. Amma abin da ya biyo baya ya ƙara musu ƙarfi. Nafisat Abdullahi ta sanar da ficewarta daga shirin, Sumayya ta ɓace daga idon masu kallo na wani lokaci, da ta dawo kuma sai ga Fati Washa a matsayinta. Daga baya ma shirin ya ajiye wannan labari gaba ɗaya ya ɗauko wani sabo, na Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya jagoranta.

Tun daga lokacin, yanayin hasashe ya sauya a wuraren da aka saurara. Duk tauraron da ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo a ƙarshen zango, tambayar farko ita ce ko sun ɓata da furodusa ne. Jarumar da aka ji za ta yi aure, sai a fara lissafin yadda za a fitar da ita daga labari, domin kowa ya san al'adar masana'antar cewa mace takan bar fitowa idan ta shiga ɗaki. Ko tsaikon shiri yanzu ana nema masa dalili a waje, kuma ba a rasawa: a watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin kai su a tace kafin a saki.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A 1893 marubuci Arthur Conan Doyle ya kashe tauraron labaransa Sherlock Holmes saboda ya gaji da shi, matsin masu karatu da na masu buga littafi ya sa ya dawo da shi da rai a 1903. A Amurka, shirin Dallas ya rufe zango a ranar 21 ga Maris 1980 da harbin J.R. Ewing, aka bar duniya da tambayar wanda ya harbe shi har zuwa 21 ga Nuwamba, lokacin da mutane fiye da miliyan 80 suka zauna kallon amsar. A tsawon watannin nan takwas, masu kallo na bin labarin cinikin albashi tsakanin Larry Hagman, wanda ya fito a matsayin J.R., da kamfanin, domin sun san idan ba a daidaita ba J.R. ba zai tashi ba. Shirin nan dai ya kashe Bobby Ewing a 1985 da ɗan wasan ya tafi, da ya dawo a 1986 sai aka ce duk zangon da ya wuce mafarki ne tsohuwar matarsa ta yi. Saboda haka matashin Kalgo da ya ce ana iya cewa mafarki ne, bai faɗi abin da ba a taɓa yi ba.

Duk da haka akwai asara a ciki, kuma ya kamata a faɗe ta. Mai kallon da ya kwashe makonni yana tattara alamu, sannan ya gano cewa amsar tana cikin takardar kwantiragi, yakan ji an yi wasa da hankalinsa. A zango na gaba ba zai sake tsayar da hoto ya duba ido ba. Ɗan wasa na da 'yancin tafiya, marubuci kuma dole ya nemi mafita, babu mai musun wannan. Amma mafitar tana iya zama wadda ta tsiro daga abin da aka riga aka shuka a labarin, yadda mai komawa baya zai ga cewa dama an nufo nan. Inda aka yi haka, masu kallo sukan yafe. Inda aka yi gaggawar toshe ɓaraka, sukan riƙe abin shekaru, kuma an ji masu cewa daga mutuwar Mahmud suka daina kallo.

Tushen abin a gida

Kuskure ne a ɗauka talabijin ce ta koya wa Bahaushe jiran amsa. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, da labari aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki dare bayan dare don kada ya fita. Marubutan adabin kasuwar Kano sun gina ciniki a kan katse labari a ƙarshen littafi na ɗaya domin a nemi na biyu. Mafi kusa da abin da muke magana a kai shi ne kacici-kacici. Mai tambaya ya jefa, masu sauraro su yi ta kawo amsa yana cewa ba ita ba ce, idan sun gaza su ba shi gari, shi kuma ya faɗi amsar. Sharaɗin wasan shi ne amsar ta dace da tambayar, yadda kowa zai ce lallai haka ne, ya aka yi ban gano ba. Mai kallon da ya jira watanni ya riga ya ba da garinsa, da kuɗin datarsa da lokacinsa, kuma abin da yake bin marubuci ke nan.

Inda hasashe ke zama zato

Akwai wani gefe da ba zai yiwu a tsallake shi ba. Muddin ana magana a kan Presido ko Baba Ɗan Audu, babu wanda aka zalunta, domin babu su. Amma hujja ta uku tana fitar da mutane daga labari ta kai su kan masu rai. Daga cewa wane ya bar shiri, sai a wuce zuwa dalilin barinsa, a ce girman kai ne, a ce kuɗi aka hana shi, a ce wance ce ta haɗa shi da darakta. Babu mai shaida ko ɗaya, amma kafin dare maganar ta zagaya waya goma. 'Yan wasa mata su suka fi shan wannan, domin da wuya a yi hasashen dalilin tafiyar mace ba a taɓa mutuncinta ba. Akwai kuma masu kasa raba ɗan wasa da rawar da ya taka, su bi shi shafinsa da zagi saboda muguntar da marubuci ya ɗora masa.

A wata majalisa a Gwandu an ga yadda jama'a da kansu ke taka wa abin burki. Hira ta yi daɗi a kan wanda ake tuhuma a cikin shirin, wani dattijo na saurare har yana murmushi. Da wani matashi ya juya kan wata jaruma ya fara faɗin abin da ya ji a kanta, sai dattijon ya ɗaga hannu ya ce masa, yaro, waccan ta cikin fim ku yi ta yi, amma wannan ɗiyar wani ce, ya kuma tuna masa gargaɗin da ke cikin Suratul Hujurati game da yawan zato da cin naman ɗan'uwa. Maganar ta tsaya nan. A majalisa akwai babba da ake jin nauyinsa. A kafafen sada zumunta babu shi, kuma can ne mafi yawan ɓarnar ke faruwa.

Kira ga manazarta

Abin da aka saurara a garuruwan nan biyu ba ya daɗewa. Da zarar sabon zango ya fara, amsa ta fito, sai hasashen ya bi iska, wanda ya canka daidai ya yi kwana biyu yana tuna wa abokai, sauran su manta sun taɓa faɗin wani abu. Ba a rubuta shi, ba a naɗe shi, alhali a cikinsa ne ake ganin abin da Bahaushen yau ya ɗauka adalci ne, da wanda yake tuhuma idan an yi ɓarna, da irin ƙarshen da yake ganin ya dace da mace ko talaka ko mai kuɗi. Ana ganin sa kuma cikin karin harshen wurin, domin shirin da Kananci yake zuwa amma da Sakkwatanci ake yanke masa hukunci a Gwandu da Kalgo.

Ina kira ga sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu da kwalejojinmu, musamman na Birnin Kebbi da Sakkwato da ke kusa da waɗannan al'ummomi, su tura ɗalibai wannan fage. Lokacin aikin shi ne makon da aka rufe zango, kafin amsa ta fito ta gurɓata abin da mutane za su tuna. A naɗi muryoyin da izinin masu su, a rubuta su da karin harshen da aka faɗe su, a shiga cikin gidaje ta hannun ɗalibai mata domin a can rabin masu kallon suke. Marubutan shirye-shiryen kuma ina roƙonsu su nemi wannan aiki su karanta idan ya fito, su ji yadda mutanen da ba su taɓa taka Kano ba suke riƙe da kowace kalma da suka sa a bakin taurarinsu.